Jagorar Renon Wake a Kwalba: Daga Gutsuren Tsiro Zuwa Cikakkiyar Shuka

Unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni sun daɗe da zama cikin birni, gidaje da shaguna sun cinye filayen da a da ake nomawa, amma dangantakarsu da wake ba ta yanke ba, domin a nan ake cin sa safe da yamma a matsayin ƙosai da alale da ɗanwake da garau-garau, kuma ta wannan ɓangare na Kano, a kan titin Sabo Bakin Zuwo, tashar Cibiyar Binciken Noman Ƙasashe Masu Zafi ta Duniya, wato IITA, take, inda aka shafe shekaru ana tace irin wake ana gwada shi a gonar bincike ta Minjibir. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan wake da masana ke kira Vigna unguiculata, Jamhuriyar Nijar na biye da ita, kuma kasuwar Dawanau na daga cikin manyan wuraren da ake hada-hadarsa a Afirka ta Yamma. Abin da wannan jagora ta sa a gaba shi ne wani fanni na aikin inganta iri wanda ba a cika ganin sa a fili ba, wato renon kwalba: a yanki ɗan gutsure daga jikin tsiron wake, a ɗora shi a kan abinci na musamman cikin kwalbar da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, a lallaɓa shi har ya yi toho, ya yi saiwa, ya zama shukar da za ta yi fure ta ba da iri.

Tushen aikin wata baiwa ce da tsirrai ke da ita. Jikin kowane tsiro an gina shi ne da ƙananan ɗakuna masu rai da ido ba ya gani, waɗanda ake kira tantani, kuma kowane tantani mai rai yana ɗauke da cikakken bayanin gadon da ake buƙata don gina shukar baki ɗaya. Masanin tsirrai Gottlieb Haberlandt ne ya bayyana wannan tunani a 1902, ko da yake bai kai ga tabbatar da shi a aikace ba. A 1957 Folke Skoog da Carlos Miller suka nuna cewa rinjayen ɗaya daga cikin sinadaran girma guda biyu shi ke yanke abin da gutsuren zai zama: idan saitokinin ya fi yawa sai toho ya fito, idan oksin ya rinjaya sai saiwa ta fito, idan kuwa suka yi kunnen doki sai a sami ƙullutun tantani marar siffa da ake kira kalos. A 1962 kuma Toshio Murashige da Skoog suka fitar da haɗin gishirin ma'adinai da har yau ake kira da harufan sunayensu, MS, wanda shi ne abincin reno mafi yaɗuwa a ɗakunan bincike.

Ya kamata a fahimci tun farko cewa ba a renon wake a kwalba domin a yawaita shuka a raba wa manoma, kamar yadda ake yi wa ayaba da rake da dabino. Wake yana barbarar kansa, irinsa yana riƙe halin uwarsa, kuma mudu guda na iri ya fi kwalabe dubu araha. Amfanin renon yana wurare uku: tsarkake iri daga bairas ɗin da ke bin ƙwaya daga shekara zuwa shekara, ceto ɗan tayin da aka samu daga barbarar wake da danginsa na daji kafin ya mutu a cikin kwanso, da kuma, mafi girma, mayar da tantanin da aka sanya wa sabuwar ƙwayar gado ya zama cikakkiyar shuka. Misalin na ƙarshe yana gonakin Arewa a yau. Tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake, Maruca vitrata, takan lalata amfani har kashi 80 cikin ɗari a shekarar da ta yi tsanani, kuma an bincika dubban nau'o'in wake, alhali rumbun iri na IITA a Ibadan yana riƙe da sama da 15,000, ba a sami wanda ke da isasshiyar juriya gare ta ba. Sai aka ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis aka sanya wa wake a ɗakin binciken hukumar CSIRO ta Ostireliya, ƙarƙashin jagorancin T. J. Higgins, daga nan masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, suka shigar da halin cikin irin da ya dace da ƙasar nan. A 2019 aka amince da shi da sunan SAMPEA 20-T, aka kuma ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Ko mutum yana goyon bayan irin wannan iri ko yana da ja a kansa, matakin da komai ya rataya a kai shi ne na raya shuka daga gutsure, kuma abin lura ne cewa wannan mataki a wata nahiya aka yi shi, ba a ƙasar da ta fi kowa noman wake ba.

Wannan mataki yana da wahala domin wake, da ɗan'uwansa Phaseolus vulgaris da ake ci a Gabashin Afirka da Kudancin Amurka, suna cikin tsirrai masu taurin kai a kwalba. Ganyen taba yakan yi toho cikin sauƙi, amma ganyen wake yakan tsaya a kalos, ya yi ruwan ƙasa, ya mutu. Sai a 2006 aka wallafa hanyar farko da ta ba da waken da ke gadar wa 'ya'yansa sabuwar ƙwayar gadon, kuma a lokacin ana samun shuka ɗaya zuwa uku ne kacal daga gutsure dubu. An inganta hanyoyin daga baya, amma darasin bai canza ba: a wake ba kowane sashe ke amsawa ba, kuma ba kowane nau'i ba.

Ɗakin aiki da kayansa

Ana buƙatar wurare uku a rabe: wurin wanke-wanke da haɗa abinci, wurin yanka, da ɗakin girma. A wuri na farko akwai ma'aunin nauyi mai gane miligiram, da na'urar auna tsami, da ruwan da aka tace ta hanyar tururi, da tukunyar turara kaya da ake kira otokilef. A wurin yanka akwai teburin iska mai tsafta, wato akwatin da injin ke hura iskar da ta bi ta matata mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta, iskar na fitowa ta fuskar mai aiki yadda babu abin da zai faɗo daga waje, tare da hantsaki da wuƙar tiyata da fitilar ƙona su. Ɗakin girma kuwa kantoci ne da fitilu, inda ake riƙe zafi a wajen digiri 25 na ma'aunin Salshiyos, da haske na awa 16 da duhu na awa 8.

A Kano wannan ɗaki na uku shi ne ke cin kuɗi, kuma shi ne ke rusa aiki idan aka raina shi. A watannin Maris da Afrilu zafin waje yakan kai digiri 40, kuma ɗakin da ke rufe da fitilu a kunne, idan na'urar sanyaya ta tsaya na wasu awanni, yakan dafa aikin wata uku. Don haka wutar da ba ta yankewa, ko ta hasken rana da batura ko ta janareta mai jiran ko-ta-kwana, tana gaban sayen kowane sinadari a lissafi. Hunturu kuma yana zuwa da tasa matsalar, domin ƙurar da ke shiga ta kowace kafa tana ɗauke da ƙwayoyin fumfuna, saboda haka ake son ƙofa biyu a jere, da tagogi a liƙe, da takalman da ba sa fita waje.

Haɗa abincin reno

Ga lita guda, ana zuba kimanin giram 4.4 na garin MS a ruwa tatacce, wasu kuma sukan haɗa gishirin MS da bitamin na haɗin B5 da Gamborg ya fitar a 1968, domin dangin wake sukan karɓe shi da kyau. Ana ƙara giram 30 na sukari, saboda gutsuren bai iya haɗa abincinsa daga haske ba tukuna, sannan a ƙara sinadarin girma gwargwadon matakin da ake ciki. Na matakin toho shi ne BAP, wani nau'in saitokinin, wanda akan sa tsakanin miligiram 1 zuwa 2 a lita. Ba ya narkewa a ruwa kai tsaye, sai an fara narkar da shi da 'yan ɗigo na ruwan soda mai ƙarfi. Daga nan a daidaita tsami ya tsaya a 5.8, a zuba kimanin giram 8 na aga, wato garin da ake samu daga ciyawar teku mai sa ruwa ya daskare kamar kamu, a dafa ya narke, a rarraba a kwalabe, a turara a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Idan lambar ta yi ƙasa da 5.8 da yawa, wato tsamin ya yi yawa, abincin ba zai daskare ba, idan kuma aka wuce lokacin turara sukarin zai ƙone ya fitar da abubuwan da ke hana girma. Sinadaran da zafi ke lalatawa, irin su jibarelin mai sa kara ya miƙe, ba a turara su: ana tace su ta matata mai ƙananan ƙofofi a zuba bayan abincin ya huce amma bai daskare ba. Hikima ce a ajiye kwalaben kwana biyu ko uku kafin amfani, domin wadda ta gurɓace ta tona kanta tun ba a ɓata mata gutsure ba.

Zaɓen iri da tsarkake shi

Irin da aka ɗebo daga buhun kasuwa bai dace da wannan aiki ba, domin ba a san asalinsa ba, sau da yawa gauraye ne, ga huda ta ƙwaro, ga ragowar maganin ajiya. Ana neman iri mai suna da asali daga cibiyar bincike, sabo, marar tsaga, kuma wanda ya nuna a lokacin rani ko a gidan raga ya fi tsabta a kan wanda ruwan sama ya daka a kwanso. Ana wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, a kai shi teburin iska, a tsoma a barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari na kimanin minti guda, sannan a mayar da shi cikin ruwan bilic da aka sirka har sinadarinsa ya koma wajen kashi 1 cikin ɗari, a riƙa girgizawa na minti 10 zuwa 15, a ƙarshe a ɗauraye sau huɗu ko biyar da ruwan da aka turara. Ma'aunin nan ba a ɗaukar sa a matsayin doka, domin wake mai kaushin fata yana ɓoye datti fiye da mai santsi, kuma bilic ɗin da ya wuce kima yana kashe ɗan tayin tare da ƙwayoyin cutar. Mai aiki na gari yakan gwada lokuta daban-daban a kan ƙwayoyi kaɗan kafin ya taɓa irin da yake ji da shi.

Bayan tsarkakewa ana dasa ƙwayoyin a kan abincin reno su tsira na kwana huɗu ko biyar. Masu bincike da yawa sun ga cewa sanya BAP tun a wannan mataki yana sa tsiron ya fito gajere mai kauri, da gaɓa a kumbure, kuma irin wannan gaɓa ta fi ba da toho masu yawa daga baya.

Yanka

A nan ne gwaninta take, kuma a nan ya kamata mai koyo ya fi daɗewa. Ƙwayar wake tana da ɓari biyu, waɗanda kowace mai surfen wake don ƙosai ta san su, kuma tsakaninsu ɗan tayin yake kwance. Idan ta tsira, wurin da ɓarin biyu suka manne da kara shi ake kira gaɓar ɓari, kuma a hammatar kowane ɓari akwai ido mai ɗauke da tantanin da ba su gama zaɓar abin da za su zama ba. Wannan gaɓa ita ce gutsuren da ya fi amsawa a wake. Ana ɗora tsiron a kan farantin gilashi da aka turara, a yanke saiwa da mafi yawan karan ƙasa a bar 'yan milimita kaɗan, a yanke kan tsiron daga sama dab da gaɓar. Cire kan ba ado ba ne: muddin yana nan, oksin ɗin da yake aikowa ƙasa yana danne idanun hammata, da zarar an cire shi kuma sai su farka. Game da ɓarin, wasu sukan cire su duka, wasu su bar ɗaya ko rabi domin gutsuren ya ci gaba da shan abincin da ke ciki, wasu kuma su tsaga gaɓar gida biyu a tsaye kowane rabi da ɓarinsa. Akwai hanya ta biyu da ta sami karɓuwa a shekarun baya-bayan nan, inda ake jiƙa iri kwana guda a ɓare shi a ciro ɗan tayin kansa a yi aiki da shi.

Ana dasa gutsuren yadda yankakken gindinsa zai shiga abincin, gaɓar tana taɓa saman sa ba tare da ta nutse ba. Kafin kowane yanka ana tsoma hantsaki da wuƙa a barasa a ƙona, a jira su huce, domin ƙarfe mai zafi yana kashe idon da ake nema. Kuma dole a nisanta kwalbar barasa daga harshen wuta. Hannu ba ya gilmawa ta saman kwalba a buɗe, ba a magana a kan aiki, ba a buɗe kwalba biyu lokaci guda. Tsaftar da ake nema a nan ba ta gaza ta ɗakin tiyata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan Gyadi-Gyadi ba, domin abinci mai sukari a ɗaki mai ɗumi ya fi dacewa da fumfuna da bakteriya fiye da yadda ya dace da wake, kuma su sukan cika kwalba cikin kwana uku alhali shi yana buƙatar makonni.

Toho, da cututtukan kwalba

Cikin mako biyu zuwa uku gaɓar takan kumbura ta fitar da tarin ƙananan toho. Daga nan ana sauya abinci duk bayan mako biyu ko uku, ana yanke kalos ɗin da ya taru a gindi da duk wani sashe da ya mutu. Sinadarin da ya haifar da tohon shi ne kuma ke hana su tsawo idan aka bar shi da yawa, don haka a mataki na gaba ake rage BAP sosai, wasu su musanya shi da kainetin wanda ya fi sauƙi, wasu su ƙara ɗan jibarelin, har toho ya kai santimita biyu ko uku da ganye a buɗe.

Matsaloli uku ke yawan tasowa. Ta farko ita ce baƙin da ke malalowa daga bakin yanka ya rina abincin, wanda sinadaran kare kai ne da tsiron ke fitarwa idan an ji masa rauni, kuma idan suka taru sukan kashe shi. Maganinsa wuƙa mai kaifi, da saurin mayar da gutsuren sabuwar kwalba, da ƙara bitamin C ko ɗan garin gawayi na musamman. Ta biyu ita ce toho ya fito a kumbure, jiƙe, yana ƙyalli, mai saurin karyewa, alamar saitokinin ya yi yawa ko danshi ya cika kwalbar, kuma irin wannan toho ba ya rayuwa a waje. Ana rage sinadarin, a ƙara aga, a yi amfani da murfin da iska ke ɗan ratsawa. Ta uku ta fi ɓoyuwa: shukar da ta bi ta kalos na dogon lokaci takan fito da sauyin hali da ba a nema ba, shi ya sa aka fi son tohon da ya fito kai tsaye daga gaɓa. Kwalbar da ta gurɓace kuwa ba a buɗe ta a ɗaki, ana turara ta a rufe sannan a zubar.

Saiwa da fita duniya

Ana yanke toho ɗaya-ɗaya a dasa a abincin da aka rage gishirinsa zuwa rabi, babu saitokinin, da ɗan oksin irin IBA kimanin rabin miligiram zuwa miligiram guda a lita, kuma cikin mako biyu saiwa takan bayyana. Idan toho mai daraja ya ƙi yin saiwa, ana iya ɗaura shi a kan karan wani tsiron wake da aka shuka daga iri, kamar yadda masu lambu ke auren mangwaro, ya rayu da saiwar aro.

Shukar kwalba ba ta san iska ba. Ganyenta ba shi da isasshen kakin da ke hana ruwa fita, ƙofofin numfashinsa ba su saba rufewa ba, saboda haka idan aka fitar da ita kai tsaye cikin busasshiyar iskar Kano takan yi yaushi cikin ɗan lokaci. Ana wanke aga daga saiwar a hankali, domin ragowarsa na jawo fumfuna, a dasa a ƙaramin tukunya mai cakuɗen yashi da ƙasa da aka turara, a rufe da leda mai haske, a ajiye a inuwa. Bayan 'yan kwanaki ana huda ledar, ana ƙara ƙofofin a hankali har a cire ta cikin mako ɗaya zuwa biyu, sannan a kai shukar gidan raga inda darɓa da sauran ƙwari ba za su same ta ba. Damina, lokacin da iska ke da danshi, ta fi sauƙi ga wannan mataki. A hunturu da bazara sai an ninka kulawa. Akwai kuma abin da bai kamata a manta ba game da nau'o'in gida irin su Kanannado da Ɗan'ila: suna jiran rana ta gajarta kafin su yi fure, don haka idan aka bar su ƙarƙashin hasken awa 16 za su yi ta yaɗo da ganye ba tare da kwanso ba, sai an rage musu hasken.

Ba a cewa aiki ya kammala sai shukar ta ba da iri, an shuka irin, an ga ya tsira da halin da ake nema. Duk tsawon hanyar ana rubuta sunan nau'i, da ranar yanka, da haɗin abinci, da adadin gutsuren da aka dasa, da waɗanda suka gurɓace, da yawan toho a kowane gutsure, domin ma'aunin da ya yi aiki a kan layin bincike irin IT86D-1010, wanda aka yi amfani da shi a Ostireliya, ba lallai ya yi aiki a kan Kanannado ko SAMPEA 10 ba. Wannan shi ne gurbin da ɗaliban Jami'ar Bayero da na Samaru suka fi kowa cancantar cikewa, tun da nau'o'in da manoman Kano da Jigawa da Katsina ke so don harawa da girman ƙwaya suna hannunsu, kuma babu wanda zai zauna a wata ƙasa ya gwada musu ma'aunin BAP ɗaya bayan ɗaya. Renon kwalba shi kaɗai ba ya sauya gadon shuka da gangan, kuma ɗalibi na iya koyon sa da irin gida. Amma duk aikin da ya haɗa da sanya sabuwar ƙwayar gado yana ƙarƙashin dokar 2015 da ta kafa hukumar NBMA mai kula da lafiyar fasahar halittu, kuma sai da izininta ake fara shi, a ɗakin da ta duba ta amince da shi.